Ban-ruwa a Sheffield

Shekara sha tara ina bisa kujera guda,
Bas mai lamba hamsin da biyu nake juyawa.

Daga Darnall in hau tudu, in gangara Hillsborough,
Ƙafata ba ta san aiki ba sai birki take takawa.

Ran Talata likita ta naɗe mini dantse da abin awo,
Ta dubi lamba, ta dube ni, ta bar murmusawa.

Ɗari da saba'in, in ji ta, bisa ɗari da biyu.
Na ce gajiya ce. Ta ce jijiya ce ke ƙuntacewa.

Ta rubuta ƙwaya, ta ƙara da abin da ya fi ƙwaya ɗaci:
Kullum rabin awa a ƙafa, har haki ya fara zuwa.

Na koma gida ina mita. Rumasa'u na wanke kwanuka,
Ita da ke karatun jikin mutum, ta juyo tana saurarawa.

Ta ce, Baba, ina lambun nan na Kakana a Kadawa,
Inda ka ce ka iya ban-ruwa tun ba ka iya rubutawa?

Kakan toshe wannan fangali da laka, ka fasa wancan,
Inda albasa ta fi ƙishi, can ruwa ke dosawa.

To haka jiki. Bisa ƙoda akwai wani ɗan ƙulli,
Kana ɗaga ƙafa ya saki manzonsa cikin jini da gaggawa.

Adirenalin sunansa. Ya je hanji ya ce a rage,
Ya je cinya da dambubu, can ƙofa ke buɗewa.

Saƙo ɗaya, kunne biyu: wata jijiya ta ji ta tsuke,
Wata ta ji ta saki jiki kamar igiya mai warwarewa.

Jinin da ke gudu kuma yana gogar bangon ciki,
Bangon ya huro wata 'yar iska mai saurin ɓacewa,
Ita ke lallashin naman jijiya har ya bar ɗaurewa.

Na ce, ke dai da baki. Amma na nemo takalmi.

Bayan asuba, Endcliffe, yayyafi na tsattsafa mini wuya,
Agwagi a bakin rafi ko kallona ba sa ƙarawa.

Wata tsohuwa da karenta gurgu ta wuce ni sau biyu,
Ta ce barka da safiya, ni ko numfashin amsa ba ya samuwa.

Makon farko gwiwa ta kai ƙarata, baya ya ba da shaida,
Na zauna kan benci jiƙaƙƙe ina tunanin dainawa.

Sai wata Alhamis, a hawan da ke bayan gada,
Na ji yatsuna da ke ƙanƙare sun fara ɗumamawa.

Na cire safa na dubi bayan hannuna:
Ga jijiya ta taso, cike, kamar kwalbati ran da dam ke sakewa.

Na tsaya. Zuciya na sassauta kiɗa sannu sannu,
Ƙarar nan da ke cikin kaina ta kwanta, ba ta tasowa.

Wata huɗu, awo ya ce ɗari da arba'in da shida.
Likita ta ce kar in bar ƙwaya, da sauran rina a kaba.
Na ce na ji. Wannan karon ba na musantawa.

Yanzu in cunkoso ya riƙe ni a Crookes, fasinja na tsaki,
Nakan sassauta riƙon sitiyari, in ji jini na wucewa,

In tuna mahaifina tsugune da fartanya a hantsi,
Ya ɗebe laka dunƙule ɗaya, ya ja da baya,
Ya bar ruwa ya nemi hanyarsa, shi yana dubawa.